Takarda a Kan Teburin Kwaɓi

Ƙarfe uku na dare a Valparaiso.
Jikina bai ji labarin an rufe ba,
ya tashe ni kamar kullum.
Na sauko matakala arba'in da biyu,
na buɗe shago, na kunna ƙwan fitila ɗaya.
Sauran tun watan jiya na kwance su.

A kan teburin nan
shekara goma sha tara ina kwaɓa fulawa.
Yau takarda ce kwance, shafi shida.
Lauya Ossandon ya ce,
"Sa hannu nan, da nan, Eduviges.
Doka ta yi wa karyayye rumfa.
Ba sata kika yi ba."
Yana faɗa yana duban agogo.

Lissafin yana kaina, ba sai na buɗe littafi ba.
Banki na bina kuɗin sabon tanderu
da na saya shekarar da jirage suka cika tasha,
na zaci haka duniya za ta zauna.
Mai gida, hayar wata biyar.
Hukumar haraji ba ta fushi, ba ta gajiya,
wasiƙa kawai take turowa.
Na ranta nan na biya can,
kamar mai facin tsohuwar riga:
ka kama wuya, hammata ta yage.

Duk waɗannan ba su hana ni barci.
Banki ba shi da fuska.

Baudilio mai fulawa kuwa yana da ita.
Buhu sittin ya sauke mini bisa amana,
ba rasit, ba shaida,
sai "In kin samu kya kawo."
Lauya ya ce ranar rabo
shi ne a wutsiyar layi.
Banki ya ci tsoka, hukuma ta tsotse ɓargo,
shi a miƙa masa ƙashi,
in ƙashin ya kai kansa.
Ran Lahadi na hango shi a bakin coci,
na tsallake titi ina laluben jaka
kamar na yar da wani abu.
Ya gan ni. Ya ɗaga hula.
Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Ximena ta kira daga Santiago.
"Mama, ki sa hannu ki huta.
Akwai ɗaki a wurina."
Na san ɗakin.
Nan take shanya kayan yara.

Abin da ban gaya mata ba
shi ne allon da ke bisa ƙofa.
Ubanta ya rubuta shi da hannunsa,
harafin ƙarshe ya karkace don fenti ya ƙare.
Za su lissafa shi cikin kaya?
Nawa za su ce ya kai?
Ma'auni, tire ashirin, firji mai tari,
wani saurayi zai zo da alƙalami
ya liƙa wa kowanne lamba.

Saura rabin buhu a lungu.
Na jawo shi.
Hannu ya san aikinsa ko zuciya na wani wuri:
ruwa, gishiri, yis,
danna, naɗe, juya.
Fulawa ta ɗan zuba kan shafi na huɗu,
daidai inda aka rubuta "mai bin bashi".
Ban kakkaɓe ba.

Kafin ƙullin ya tashi
na ɗauko ƙaramin littafina na aljihu,
wanda kotu ba za ta nema ba.
Na rubuta: Baudilio, buhu sittin.
Na ja layi a ƙasa.
Alƙali na iya yafe mini abin da ba nasa ba,
ni ban iya.
Ko buhu ɗaya a wata,
ko da wankin kwanonin wani.
Shekara biyar ke nan. Ina da hamsin da takwas.

Can ƙasa jirgi ya yi kuka, yana fita.
Alƙalami na kusa da gwiwar hannuna.
Ofishin lauya sai ƙarfe tara.
Tsohuwa Clorinda kuwa ƙarfe shida take ƙwanƙwasawa,
burodi biyu, mai ɗan ƙuna a gefe,
kuma ba wanda ya gaya mata tukuna.