Mai Riƙe Sanda a Bakin Binuwai

Ni ne mai riƙe sanda.
Ita tana can kan tudu, ido ɗaya a madubin awo,
tana ɗaga hannu: matsa gabas, ƙara kaɗan, tsaya.
Sai in tsaya, laka har ƙwauri,
sandar ja da fari a miƙe kamar mai shirin rantsuwa.

Injiniya Astajam tana auna Garwa ta shekara talatin masu zuwa.
Ni hamsin da takwas gare ni.
Na yi lissafin a zuci, ban faɗa mata ba.

A takardarta kogi shuɗi ne, mai ladabi,
yana bin layin da aka ja masa.
Ga hanyar shan iska daga gada har tsohuwar tashar jirgin ruwa,
ga fitilu, ga kujerun siminti,
ga 'yan mutanen da aka zana suna yawo,
babu mai kaya a ka,
babu mai bin wani bashi.
Na nemi kwalekwalen Barau mai ɗibar yashi, ban gan shi ba.
Na nemi duwatsun masu wanki.
Ta ce, Malam Tanimu, duk inda ka ga kore, lambu ne.

Koren nan na san shi.
Rumfar Inna Kande ce, inda take bandar tarwaɗa
tun ba a datse ruwa a Lagdo ba.
Ni na kafa turke a bakin murhunta ranar Talata.
Ba ta zage ni ba.
Ta dubi turken, ta ce tsayinsa ya yi daidai,
ta ɗaure akuyarta a jiki.

Amma kada in ci haƙƙin Injiniya.
Shekarar da ruwa ya shigo da dare babu sallama,
ni na ɗauko 'yar maƙwabcina a kafaɗa,
tabarmi da tukwane suna wuce mu
kamar masu saurin cin kasuwa.
Da gari ya waye muka ƙirga kanmu,
ba mu cika ba.
Shi ya sa in ta ce a ja gari baya taku ɗari biyu,
a bar wa kogi shimfiɗarsa,
ba na iya cewa a'a da dukan bakina.

A ɗakin ajiya na ofishin magajin gari
akwai taswira biyu da suka girmi tata.
Ta fari, gara ta cinye mata kasuwa da rabin asibiti.
Ta biyu, da ita aka toshe tagar da ta fashe.
Na nuna mata. Ta yi dariya har da riƙe ciki,
sannan ta yi shiru mai tsawo.
Ta ce, to kai da kake nan, ina ruwan ya tsaya a waccan shekarar?
Na kai ta gindin tsamiya,
na ɗora yatsa a kan tabon.
Ya ɗara layinta da kamu uku.
Ta ciro magogi.
Ranar ba mu ci abincin rana ba.

Jiya na roƙe ta abu ɗaya:
cikin koren nan a bar wurin murhu huɗu
da mashigar kwalekwale.
Ta ce ba ita ke sa hannu ba, sai takarda ta je Yawunde ta dawo.
Amma na ga ta yi ɗigo huɗu.
Da fensir dai, ba da tawada ba.

Magariba ta gabato.
Dorina ta ɗago kai kusa da ƙafar gada,
ta hura hanci, ta nutse.
Ita ma ba a tambaye ta ba.

Na wanke sandar, na saɓa a kafaɗa.
Akuyar Inna ta cinye jan ƙyallen,
ta kuma karkata turken wajen ruwa.
Gobe sai mun sake awo.