Ƙwai Sha Tara a Broken Hill

A watan Yuni, da sanyi ya sauko garin,
Noreen ta daina ci.
Ta shige ƙarƙashin ɓawon itace ta lumshe ido,
gyare na tattaki a hancinta, ko gezau.
Na ce ta tafi.
Jikata Tamsin ta ce, "Kaka, barci ne,
haka ƙadangare mai gemu yake, sai zafi ya dawo."

Shekara talatin da ɗaya na yi a ramin ma'adinai.
Na san duhu ciki da bai,
jira ne ban iya ba.

Satumba ta farka da yunwa.
Baz ya hango ta ta gilashi,
gemunsa ya rine kamar gindin tukunya,
sai gyaɗa kai yake, kai ka ce mai gari ne.
Ita kuwa ta ɗaga hannu ɗaya a hankali,
ta zagaya shi a iska, ta ajiye.
Na juya baya.
Haka marigayiya Beryl take mini daga taga
in zan fita aikin dare.

Na yanka kabewa ƙanana-ƙanana,
na barbaɗa wa gyare farin garin ƙarfafa ƙashi,
na sauya fitilar ɗumi tun ba ta mutu ba.
Wata Laraba ta tona yashi mai laima har ta ɓace,
ta fito a rame, fata a saki.
Sha tara.
Taushinsu kamar tafin jariri.
Kowanne na ɗiga masa fensir a ka,
don ƙwan da aka juya ya tashi daga aiki.

Sai Disamba ta zo da nata.
Kwanon rumfa ya yi zafin da ba ya taɓuwa,
ƙarfe biyun rana aka ɗauke wuta.
Ni da hannun nan mai rawa,
wanda shayi ma sai ya zubar da rabi,
na ɗauki akwatin ƙwai.
Taku ashirin da shida zuwa banɗaki.
Numfashi ban yi ba.
Na jiƙa tawul, na zauna a ƙasa tare da su
har firji ya yi tari da asuba.

Uku sun lotsa.
Na binne su a gindin lemo, ban gaya wa Tamsin ba,
ita ma ta ƙirga, ba ta tambaya ba.

Kwana sittin da ɗaya,
hanci ya tsaga ɓawo, ya tsaya yana hutawa
yini guda, rabi a duniya.
Ban taimake shi ba.
Wannan karon na iya.

Likitan dabbobi, Dakta Petrakis, ta ce
zafi kan mai da maza mata tun a ƙwai,
kada in yi mamaki in gidan ya cika da su.

Yanzu ga ɗaya a wuyan hannuna,
ba ta kai tsawon yatsa ba,
nauyinta bai fi na wasiƙa ba.
Ta kalle ni da ido ɗaya,
ta ɗaga hannu.