Wuta Ba Ashana

Ƙarfe huɗu na yamma a Billingham,
duhu ya riga ya kwanta kan bututun masana'antu.
Doreen ta ja labule, ta kashe fitila,
ta ce, "Bari idonka ya saba tukuna,
wadda muke jira mai kunya ce."

Tulun gilashi na zaune cikin tanda,
baki buɗe, ciki fayau, sai iska mai ƙuna.
Wayoyin awon zafi uku sun dafa shi
kamar yatsun ungozoma.
Ɗari biyu da arba'in, in ji allo.

Na zuƙo ruwan a sirinji,
bai kai hawayen jinjiri ba,
garau, ka rantse daga randa aka ɗebo,
ko suna ba shi da shi, sai lamba a gefen kwalba.
Na ɗiga. Na janye hannu. Na danna agogo.

Ta madubi muke leƙen bakin tulu,
a kaikaice, yadda ake duban suruki.
Daƙiƙa tara, sai fuf!
Harshe ruwan ɗorawa ya leƙo ya koma.
Ba ashana, ba ƙyastu, ba tartsatsi,
zafi ne ya kai masa iya wuya, ya cinna wa kansa.

Rage biyar. Hura iska, kore hayaƙi. Sake ɗigawa.
Rage biyar.
Muna ciniki da shi kamar 'yan tireda,
muna neman farashinsa na ƙarshe.

A ɗari biyu da goma ya ja mana rai.
Minti ɗaya. Biyu. Ƙafata ta yi tsami.
Ina shirin cewa babu,
Doreen ta riƙe gwiwar hannuna:
wani shuɗi-shuɗi, siriri kamar numfashi,
ya zaga gindin tulu ya ɓace.
Da na ƙifta ido, da na rubuta ƙarya.

A cikin duhun nan ta ba ni labarin wanta, Clive,
mai aikin dare, shekara talatin baya.
Wani bututu mai zafi, wani ɗigo daga sama,
ɗis, ɗis, tun magariba,
kowa na wucewa yana cewa ai ba wuta kusa.
Ba ta ƙarasa ba. Ban tambaya ba.
Kofin shayinsa ne take ajiye alƙaluma a ciki.

Ɗari biyu da biyar.
Minti goma cif, tulu bai ce uffan ba.
Muka maimaita, muka ƙara yawan ɗigon, muka rage,
shiru.

Ta kunna fitila, muka runtse ido kamar masu laifi.
Na cika takarda, lamba uku kacal,
na wani direban tanka ne da ba zan taɓa gani ba,
da mai walda da zai jingina da ƙarfe yana cin burodi.

A waje ana yayyafi.
La'asar ta kuɓuce mini, bas ma ya tafi.
Na tsaya ƙarƙashin rumfa ina shinshina hannun rigata.