Rariyar da Ba Ta San Aya Ba

Kowace Lahadi bayan la'asar
ina shagon Tsahiru, bayan tashar Madarunfa,
fanka na kwashe zafi daga wannan kusurwa tana kai wa waccan,
ni kuwa ina rubuta kuɗin aya:
babba tiya kaza, ƙarama tiya kaza,
buhu nawa ya rage a rumbun ƙungiya.
Suna ɗari biyu da sha bakwai.
In danna sau ɗaya, su tashi fir
kamar buwa ta ji gwangwani a gonar gero.

Mako uku ba wanda ya ce uffan.
Sai ga Alhaji Nomau a waya daga Kwatano:
“Kun bar sana'ar ne, ko rasuwa aka yi?”

Tsahiru ya ce ya duba can ƙasa, kwandon shara.
Ga wasiƙata kwance
tsakanin mai rabon gādon attajirin da ba a taɓa haifa ba
da mai maganin sanƙo.
Ni.
Ni da ban taɓa danne gindin tiya da babban yatsa ba.

Na ce, wa ke tsaron ƙofar nan, in je mu gaisa?
Ya ce ba shi da unguwa, ba shi da suruki,
ba ya cin goro.
Abin da ya ƙi jini dai an sani:
garaɓasa, maza-maza, kyauta,
da manyan baƙaƙe masu ihu.
Na cire su.
Na bar gaisuwa, don ba a tashe ni a daji ba.

Ya ce sai hatimi uku:
na farko ya faɗi gidan da ta fito,
na biyu ya rantse ba a buɗe ta a hanya ba,
na uku ya ce ga abin da za a yi da duk wanda ya ari sunana.
Jika biyar. Na biya ina tsaki.

Ya ce kar in koro su garke guda.
Ashirin yau, talatin jibi,
yadda ake sabar da baƙuwar jar akuya da turke.

Sannan ya ce, “Share waɗanda ba su buɗewa.
Duk ƙofar da ka buga ba a amsa ba
a kanka yake rubuta ta.”
Muka bi su ɗaya ɗaya har muka iso kan Ma'azu.
Ma'azu da motar ridi ta kife da shi a hanyar Ɗan Isa,
damina biyu ke nan.
Ashe duk Lahadi ina gaya masa kuɗin aya.
Tsahiru ya tashi wai zai sayo ƙanƙara.
Ni na danna.

Da dare na tarar da Inna Habsu a tsakar gida
tana tankaɗe ayar bana.
Ita da kunne take jin tsakuwa.
Na ba ta labari, ba ta ɗago ba.
Ta ce, “Rariya ba ta gaba da kowa, ɗan nan.
Ramukanta kaɗai ta sani.”

Lahadi ta biyar saƙo ya shiga ta ƙofar gaba.
Nomau ya amsa da kalma biyu: ya iso.

Kafin in tashi, ban san dalili ba,
na leƙa nawa kwandon.
Wata Sahiya daga Agadas, buhu arba'in take so,
ta rubuta da manyan baƙaƙe, GAGGAWA, har sau uku,
kwana ashirin da tara tana jira a cikin shara.
Gobe da an zubar da ita.

Na tsamo ta a hankali.
Saura kaɗan in hura mata iska
kamar yadda Inna ke yi
in ƙwaya mai kyau ta bi ƙasa.