Mutum na Goma

Biyar da rabi na asuba, raɓa ta kwanta a kan Jos,
ni da Nanret muna ƙofar ɗakin sanyi,
hannu a hammata, takunkumi ya jiƙe da numfashi.
Garin da ruwan alwala ke cizon yatsa,
wai shi ne sanyinsa bai ishi 'yar kwalbar nan ba.

Da dare an ɗauke wuta.
Mai gadi ya ce janareta ya yi tari sau biyu kafin ya kama.
Na duba ma'auni tun ban amsa gaisuwarsa ba:
biyar.
Tsakanin biyu da takwas ranta yake.
Ko bakwaini bai kai ta son lallaɓawa ba.

Tasi'u direba ya juyo da mota.
Shi ke kai majinar gari Vom a gwada,
tsinken auduga ɗari a akwati guda,
kowane tsinke da lamba, kowace lamba da mai zaman jira.
Kafin sakamako ya dawo wani ya warke ya koma kasuwa,
wani kuma an yi sadakar uku.

Muka jera ƙanƙara, muka ƙirga, muka sa hannu.
Ka'idar ba ta da tsawo:
kwalba ɗaya, damtse goma,
in an huda ta, awa shida ne kwananta.

A Farin Gada layi ya kai bakin 'yan tumatur.
Ana rajista a waya, sabis ya tafi yawonsa,
Nanret ta ɗaga ta sama kamar mai roƙon ruwa,
ta gaji, ta koma biro da bayan kwali.
Wani ya tambaya ko da gaske cokali na manne wa damtse.
Na ce kawo naka da ladayi, mu gwada a nawa.
Aka yi dariya. Mutum huɗu suka dawo layi.

Azahar ta yi, benci ya zama fayau.
Saura kwalba ɗaya, ba a huda ba.
Sai ga Baba Davou da matarsa da sanda,
sun sauko daga bayan Naraguta,
kuɗin motar ma rance ne.
Doka ta ce su jira a cika goma.
Na dubi ƙafarsa, na dubi dokar,
na huda.

To fa. Wanda ya ɗebo da zafi, bakinsa.
Na rataya akwati na bi rumfuna ina tallan abin da ba kuɗi.
Sadisu mai shayi, uku.
'Yan dako biyu da kwandon kabeji a ka, biyar.
Wata mai gwanjo da 'yarta, bakwai.
Ɗan sahu ya ce sai dai a yi masa a zaune, inji na ci, takwas.
Mai gyaran takalmi ya ce yau ya ji labari mai kyau, tara.

La'asar ta wuce, hadari ya taso daga Shere.
Saura ɗaya, tana lilo a gindin kwalba.
Ta haye teku, ta kwana a filin jirgi,
ta hawo tudun nan ba ta yi gumi ba,
a ce a hannuna za ta ƙare a kwandon shara,
in rubuta a takarda: asara, ɗaya?

Na koma mota, ƙafa ta yi nauyi.
Tasi'u yana goge gilashin da ba datti.
Wata uku yana jigilarta.
Na ce, kai fa, ina katinka?
Ya dubi taya. Ya dubi Shere.
Ya ce, Anti, ni allura tun ta makarantar firamare...

Nanret ta riƙe masa makulli.
Ya naɗe hannun riga, ya runtse ido,
yana karanto duk abin da ya zo bakinsa.
Ya ce, a yi mana, a yi!
Na ce an gama tun ɗazu.

Ruwa ya sauko.
Kwalbar wofi na ƙara a akwati har muka kai Gangare.