Taswira a Kan Bargo

Ɗaki na goma sha huɗu, hawa na uku,
gidan kula da tsofaffi a Pittsburgh.
Ƙarfe biyun dare, ni ke aiki,
Zinaida kuwa ta yi faɗa da barci.
Tagarta na kallon inda koguna biyu suka haɗa kai
suka haifi na uku.
Ta taɓe baki: wannan ai kwaikwayo ne,
na ainihin yana gida.

Sai ta tattaro bargo da yatsun da suka ƙage,
ta tayar da tudu a kan gwiwarta.
Nan ne garin sama, in ji ta,
da ganuwarsa ta jan bulo, mai shekara ɗari biyar.
Igiyar rigar barcinta ta zama Oka,
tiyon iskar hancinta ya miƙe ya zama Volga,
inda suka gamu ta ajiye farar ƙwayar maganinta:
Nizhni Novgorod.
Na ce, Kaka, ki sha mana.
Ta ce, bar mini garina tukuna.

Wannan gaɓar tudu ce, waccan fadama,
shimfiɗe har inda ido zai gaji ya komo.
A fadamar aka ci kasuwar da ta tara duniya,
shayi daga Sin, darduma daga Farisa,
fatu da gishiri da bandar kifi.
Kakanta ɗan dako ne a can,
buhun wani ya karya masa ƙugu,
bai taɓa ɗanɗana shayin ba.

Daga baya aka sauya wa garin suna,
aka kife shi kamar ƙwarya, baƙo ba ya shiga.
Ana ƙera motoci a ciki,
ita tana ɗaure noti, shekara ashirin da tara.
Ranar da aka mayar masa da sunansa na yanka
ta riga ta ɗaure kayanta.

Ta ce idan sanyi ya kai maƙura kogin kan sandare,
mutum ya taka shi da ƙafa har tsallake,
ya huda rami, ya zauna a kan bokiti yana jiran kifi.
Na yi dariya har na toshe baki.
Ni Basarke ne daga Yawuri,
a wurinmu ruwa ba ya ɗaukar kowa
sai wanda ya zo masa da jirgi da ladabi.

Ina naka kogin? ta tambaya.
Na cire igiyar katin aikina daga wuya,
na kwantar da ita can ƙasa, wajen ƙafafunta.
Kwara ke nan.
Nan tsibirin kakana yake, ko in ce ya kasance,
kafin madatsar Kainji ta cika.
Mahaifina kan tsai da fulafili a tsakiyar tafki
ya ce, yi sallama, muna kan ƙofar gida.

Ta daɗe tana kallon igiyar.
Sannan ta dangwala yatsa a kan tiyon, sama da ƙwayar:
mu ma an datse mana nan.
Ƙauyen uwata yana ƙasa, kifi ke shara a tsakar gidan.

Injin iska ya ci gaba da numfashinsa.
Wani jirgin gawayi ya wuce ƙarƙashin gada, a hankali,
kamar mai gudun tada majinyaci.

Ƙarfe uku saura ta ɗauki garin da yatsu biyu,
da ganuwarsa, da kasuwarsa, da sunayensa duka,
ta haɗiye shi da kurɓin ruwa.

Ƙa'ida ce in gyara shimfiɗa kafin in miƙa aiki.
Ban gyara ba.
Da safe Loretta ta rubuta a littafi
cewa Tanimu ya bar gado a hargitse,
kuma an tsinci katinsa a ƙafar mara lafiya.