Rezo a Kan Dutse

Tebur ɗaya gare ni a bakin Kasuwar Dole,
da laima mai launin kamfanin da bai san sunana ba,
da salula uku a aljihu, kowace da layinta,
in wannan ta yi gardama, waccan ta amsa.
Kiredi nake saidawa, da mega,
hajar da ba a gani, ba a aunawa da tiya,
amma ta ƙare tun ba a shafa fatiha ba.

Na dala ashirin, in ji ɗan kabu-kabu,
zai gaida wata a Garin Malam.
Na dala ɗari, in ji Hajiya Magaram,
za ta duba hoton atamfa daga Kano.
In latsa, in jira, saƙo ya shiga,
riba ta faɗo kamar ƙwayar gero guda a faifai.

Ɗiyata Fanna tana karatu a Luksambur.
Ta ce ƙasar, daga kai har ƙafa,
ba ta fi nan zuwa Magarya ba.
Ta ce kamfanoni ke bin mutum da lallashi,
wannan ya rage kuɗi, wancan ya ƙara gyara,
in ka gaji da ɗaya ka koma wani
da lambarka a hannu,
kamar mai tashi gidan haya da tabarmarsa.
Ta ce, Baba, nan ba a ƙidaya mega,
kamar ruwan pampo ne, buɗewa kawai ake.

Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni.
Shekara biyu kacal, yarinya,
har kin manta pampon Damagaram?
Wanda muke tashi ƙarfe ukun dare
mu kasa kunne ko zai yi tari?

Ran Lahadi, bayan la'asar,
nakan hau dutsen da ke bayan Birni,
can rezo ke sauka, kamar shirwa, in ya ga dama.
Uwarta ba ta hawa, gwiwa ta hana.
Tana ƙasa, hannu a goshi, tana jefo tambaya:
Ta rame? Tana cin abinci? Akwai yaji a can?
Ni ne igiyar guga tsakaninsu,
in zura, in jawo, rabi ya zube a hanya.

Jiya fuskarta ta fito tas,
har na ga farin bango a bayanta,
da wata riga mai kauri da ban saya mata ba.
Ta ce, Baba, akwai maganar da nake so in...

Sai hoton ya daskare.
Baki a buɗe, ido ɗaya a lumshe,
wani zobe yana juyi a kan hancinta,
yana juyi, yana cin kuɗina.
Na ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa.
Na canza layi. Na canza dutse.
Wani ƙadangare ya dube ni ya gyaɗa kai.
Saƙo ya shigo da Faransanci mai ladabi:
abin da na saya ya ƙare, ana godiya.

Ni da ke shayar da rabin kasuwa,
ga ni a kan dutse da ƙishi.

Uwarta ta ɗago murya: Me ta ce?
Na ce, ta ce tana lafiya.
Na sauko a hankali, da baya, ina dafa dutse.

Yau da safe na buɗe littafin bashi.
Ƙarƙashin Tanimun mai faci, da Yagana mai ƙosai,
na rubuta sunana,
na sa jika guda a gabansa,
sai Lahadi.